Baƙon da ke Cikin Kwamfutar Maigidana

Kwamfuta guda muke da ita, ni da maigidana, irin ta ɗauka a jaka, kuma a kanta muka yi faɗanmu na farko bayan aure. Ni 'yar Damagaram ce, a can na koyi buga takardu, aure ya kawo ni Diffa. Shi kuwa Babarbare ne daga wani ƙauye kusa da Tumur, ɗan manoman tattasai. Ya yi karatun na'ura a Yamai, ya dawo gida bai sami aikin biro, wato na ofis, ba. Sai muka buɗe ɗan shago a zauren gidan da muke haya. Ina buga wa mutane takardun neman aiki da na makaranta, shi yana gyaran wayoyi.

A shekarar da mutanen daji suka fara ƙetaro kogin Komadugu, komai ya sauya. Aka hana babura, aka tsayar da cinikin tattasai, aka rufe makarantun bakin kogi. Iyayensa suka baro gonarsu suka kafa rumfa a gefen kwalta tare da jama'ar ƙauyensu. Malaman lakwal kuwa, wato makarantun boko, suka cika gari, ba allo, ba littafi, wasu da rigar jikinsu kawai. An ce su ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin tanti, amma da me? Kullum sai wani ya shigo zaurenmu ya ce a nemo masa darasi a intanet, alhali rezo, layin da ke kawo intanet ɗin, sai ya ga dama yake zuwa.

Wata safiya na kunna na'ura zan buga takarda, sai ta yi ta jan ƙafa. In danna harafi, sai na jira kafin ya fito.

Na ce, “Malam, me ka yi wa na'urata?”

Ya ce, “Madam sakatare, baƙo muka yi. Yana ciki.”

“Wane irin baƙo?”

Ya jawo kujera ya buɗe mini wata taga a kan allon. Baƙa ce ƙirin, sai fararen rubutu kaɗan. Ya ce wannan wata kwamfuta ce dabam a cikin tamu, ba ta da jiki, aro take yi. An yanka mata wani yanki na ƙwaƙwalwar tamu da wani yanki na ma'ajiya, ita kuma tana zaton nata ne. Masu sana'ar suna kiran ta baƙo, babbar kuma mai masauki. Tsarin da ya zuba mata ɗan ƙarami ne ƙwarai, ba hoto, ba kiɗa, ba ma wurin buga takarda. Aikinsa ɗaya, ya riƙe wasu akwatuna rufaffu da ake kira kwantena, kowane da shiri guda da duk abin da shirin ke bukata. A ɗaya ya zuba littattafan makaranta da tsoffin takardun jarrabawa, a wani kuma darussan bidiyo da ya daɗe yana tarawa duk lokacin da rezo ya yi kirki. Malami zai zo da wayarsa, ya kama wifi daga ɗan akwatin da muka kafa a zaure, ya kwashi abin da yake so ba tare da intanet ba.

Na ce, “To don me ba ka zuba su a nawa gefen ba, sai ka kawo mini mai cinye mini wuri?”

Ya ce, “Naki gefen? Wanda kowa ke zuwa ya soka masa kle ɗinsa, ɗan ƙarfen nan na kwasar fayil, mai cuta? Wancan watan sau nawa na wanke miki shi? Shi wannan a kulle gindinsa yake, ba a rubutu a kai. Ko kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, in ya dawo zai tashi yadda yake.”

Gaskiya ya faɗa, amma ban yarda ba a ranar. Na ce ko ya rage wa baƙonsa rabo ko in koma rubutu da hannu. Muka yini ba mu yi wa juna magana sosai ba. Washegari ya rage masa ƙwaƙwalwa har sai da na'urar ta dawo da gudunta, baƙon kuma bai ko yi tari ba.

Da farko wayoyi ba su ganin sa. Kwana da kwanaki Malam yana fama, yana gunaguni da Barbarci, har ya gane cewa baƙon yana laɓe ne a bayan mai masauki. Ya yi masa abin da ya kira gada, ya fito fili da nasa adireshi. Ranar da wayar farko ta buɗe littafin lissafi, mai wayar wani dattijo ne, tsohon daraktan lakwal da ya gudo daga wajen Bosso. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ɗana, irin wannan ne aka ƙona mana.”

Daga nan gindin bedin ƙofar gidanmu ya zama wurin zama. Malamai, 'yan jarrabawa, har da 'yan gudun hijira daga ƙetare masu neman darasin Turanci. Kowa ya sunkuyar da kai kan waya. In na manta na rufe murfin na'urar zan tafi kicin, baƙon sai ya yi barci, sai ka ji an ɗaga murya daga waje: “Madam, kin rufe mana!” In fito da ludayi a hannu in buɗe.

Malam ya koya mini yadda ake tayar da shi, da kalmar shiga, da abin da zan rubuta in ga ko akwatunan suna aiki. Ya nuna mini cewa baƙon nan duka fayil guda ne, ana iya kwafe shi a kai wata na'ura ya tashi kamar bai yi tafiya ba. Haka ya kwafa wa tsohon darakta a kle, da aka mayar da shi aiki garin Maine. A lokacin ina da ƙaramin ciki. Ina koyo ne kawai don in faranta masa, ban san zan bukaci abin ba.

Sai aka shiga wani lokaci na tsoro. An kai hari kusa da gari, aka yi ta cewa akwai masu ba mutanen daji labari daga cikinmu. Maƙwabci ya daina amincewa da maƙwabci. Wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya je wurin hukuma ya ce akwai wani Babarbare ɗan bakin kogi da ke da rezo na kansa, samari suna taruwa ƙofarsa da wayoyi.

Da hantsi jami'an tsaro suka zo. Ina tsakar gida ina shanya na ji mota ta tsaya. Kafin in fito sun sa Malam a bayan motar, ko takalmi babu, ɗaya daga cikinsu yana rungume da kwamfutar, igiyarta na jan ƙasa, wani kuma ya ɗauke ɗan akwatin wifi. Malam ya hango ni ya ce, “Kada ki gudu, ki kula da kanki. Bayani kawai zan yi musu.” Waɗanda ke gindin bedi kuwa tuni sun watse, wani har ya bar hularsa.

Na yi ta zarya inda aka tsare shi. Ba a bari na gan shi ba. Daga baya wani hafsa matashi ya ce in shigo. Kwamfutarmu na kan teburinsa.

Ya ce, “Madam, mijinki ya ce akwai wata na'ura a cikin wannan. Da bakinsa ya faɗa. Mutumin da ba ya ɓoye komai, me zai yi da na'ura a cikin na'ura?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ɓoye ta aka yi ba. Guda muke da ita, muka raba. Ka bari in nuna maka.”

Ya bari. Na tayar da baƙon. Baƙin allo ya fito, rubutu ya yi ta gudu sama da sauri kamar yadda ya saba, sannan ya tsaya yana neman kalmar shiga. Na ga yadda waɗanda ke tsaye a bayana suka dubi juna. Abin da kullum nake gani ba komai ba, a ɗakin nan ya yi kama da mugun abu. Na shiga, na rubuta abin da aka koya mini, sunayen akwatunan suka fito.

Na ce, “Wannan na littattafai ne. Wannan na darussa.”

Ya ce, “Ina littattafan? Ni rubutu kawai nake gani.”

Na ce sai an haɗa da ɗan akwatin wifi, a duba ta waya. Akwatin kuwa ba su san inda aka jefa shi ba. Na roƙe shi a nemo wani, ya girgiza kai. Ba mugu ba ne, na ga gajiya a idonsa. Ya ce, “Wataƙila gaskiya kike faɗa. Amma ni ban gane ba, na sama da ni ma ba zai gane ba. In na sake shi gobe wani abu ya faru, wa za a tambaya? Za a aika Yamai, akwai masana a can. In babu komai zai dawo.”

Haka aka tafi da shi Yamai cikin ayarin mutane da yawa, ba mu yi sallama ba.

Na bi malaman da ke zama ƙofarmu ɗaya bayan ɗaya, su zo su faɗi abin da suke kwasa. Wasu suka ce in yi haƙuri, suna da iyali. Wasu in sun hango ni a kasuwa sai su sauya hanya. Da yawa sun goge littattafan daga wayoyinsu. Na ji haushinsu a lokacin, yanzu kuwa ban sani ba. Kowa tsoro yake ji.

Na haifi mace ba ya nan. Surukata, wadda nake kira Ya kamar yadda Barebari ke kiran uwa, ita ta baro rumfarsu ta zo ta yi mini wankan jego. Hausarta kaɗan ce, Barbarcina kaɗan ne, amma mun fahimci juna. Surukina ya yi ta zuwa ofis-ofis da sandarsa yana cewa ɗansa littafi yake rabawa, ana ce masa ya koma gida za a duba. Bai ga damina biyu ba bayan haka. Ya kwanta a rumfar nan ta gefen kwalta, ya rasu yana tambaya ko an sami labari. Sai Ya ta dawo wurina gaba ɗaya.

Wata rana da azahar sai ga tsohon darakta daga Maine. Ya rame. Ya ƙi zama a zaure, ya shigo har tsakar gida, ya ciro kle daga cikin hularsa.

Ya ce, “'Yata, da na ji an kama shi, rami na haƙa na binne wannan. Na tsorata, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma barci ya ƙaurace mini. Ga shi. Kuma in ana son mai shaida, ni na tsufa, a rubuta ni.”

Na goyi 'yata muka hau mota zuwa Yamai, tafiyar da ba ta ƙarewa, shinge bayan shinge. Wani ɗan uwana a can ya haɗa ni da wata lauya da ke bin shari'ar irin mutanenmu. Ta ce abin da ke cikin takardar Malam shi ne an sami wani ƙaton fayil a na'urarsa da ba a iya buɗewa ba. Na ce mata ga irinsa a hannuna, ta ba ni aron kwamfutarta.

Na sa shirin da ke ɗaukar baƙo, na kwafe fayil ɗin, na danna. Ya ƙi tashi. Na sake, ya ƙi. 'Yata tana kuka a bayana, gumi ya jiƙa mini mayafi, lauya tana duba agogo. Sai na tuna Malam ya taɓa cewa wasu na'urori sukan zo da ƙofar baƙi a rufe, sai an shiga can cikin saitinsu tun kafin su gama kunnuwa an buɗe. Na kashe, na kunna, na yi ta danna maɓalli har shuɗin allo ya fito, na lalubo wurin na buɗe. Baƙon ya tashi. Na yi masa gada da wifi ɗin ofishin, na ce ta ɗauko wayarta.

Ta yi ta jan yatsa a kan allon. Lissafi, Faransanci, labarin ƙasa, yadda ake wanke hannu. Ta ɗago ta dube ni.

“Wannan ne? Shi ke nan abin da ke ciki?”

“Shi ke nan.”

Ta ajiye wayar, ta rufe fuskarta da tafin hannu.

Na ɗauka a makon za a sake shi. Ba haka aka yi ba. Takardarsa na cikin tarin takardu, mai duba su kuma ba ya sauri. A zuwan nan ne aka bari na gan shi, a wani gidan kaso da ke wajen birni. Da ƙyar na gane shi. Na ɗaga masa yarinyar ta bayan ƙarfe, ya miƙo yatsa ta kama. Na gaya masa rasuwar mahaifinsa, don ba wanda ya gaya masa. Ya yi salati, ya jingina goshinsa da ƙarfen. Da na ce masa na tayar da baƙon da kaina a wata na'ura, sai ya ɗan murmusa ya ce, “Har da ƙofar nan kika buɗe?” Na ce har da ita. Maganar na'ura ta ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa.

Sai da 'yarmu ta yi wayo, tana zuwa aike shagon kusa, sannan aka sako shi. An ce ba a same shi da komai ba. Ba wanda ya ba shi haƙuri, kwamfutar ma ba a dawo da ita ba. Ya sauka tasha da leda guda a hannu, yana tari. Surukata Ya ta rungume shi tana kuka tana shafa kansa kamar jariri. Yarinyar ta ɓuya bayan zanena. Ta daɗe tana ce masa “mutumin nan”.

Na yi zaton in ya huta zai koma yadda yake. Na sami wata tsohuwar na'ura ina ci gaba da buga takardu, kle ɗin kuma yana nan. Amma ko zauren ba ya son shiga. Yana zama a tsakar gida, bayansa jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. In mota ta tsaya a waje sai ya miƙe. In mutum uku suka tsaya hira a gindin bedi, sai ya kira ni a hankali: “Ki ce musu su matsa gaba.”

Tsohon darakta ya zo gaishe shi. Suka zauna a tsakar gida. Da zai tafi ya ce, “Ɗana, yara suna bukatar abin nan har yanzu. In ka ji sauƙi…”

Malam ya ce, “Baba, ka yafe mini. Ba zan iya ba.”

Dattijon ya ce, “Ni ne zan nemi yafiya,” ya fita yana share ido da gefen rawani.

Tarin bai tsaya ba. A asibiti aka ce ciwon huhu ne, ya daɗe a jikinsa, aka ɗora shi kan magani. Ya ɗan murmure da damina, har yana zama da yarinyar yana yi mata jirgin ruwa da takardun da na lalata. A hankali ta saba. Ta fara kawo masa buta, ta fara zama a cinyarsa. Ranar da ta fara ce masa Baba, ina wanke-wanke na ji, ban juya ba don kada ta ji kunya ta fasa.

Ya so ƙwarai ya je ya ga gonar mahaifinsa. Kullum sai ya tambayi masu zuwa daga wajen Tumur yadda hanya take, kullum amsa ɗaya ce, a dakata tukuna. Da aka fara kawo sabon tattasai kasuwa, Ya ta sayo ɗan kaɗan ta shanya a tabarma kusa da inda yake kwance. Ya ɗauki guda yana juya shi a hannu, ya yi mata wata magana da Barbarci da ban gane ba, ita kuma ba ta taɓa fassara mini ba.

Bai kai ƙarshen kakar ba. Da safe ne, na kawo masa kunu, ya sha kaɗan ya ce ya isa. Ya ce in gyara masa matashi. Ina gyarawa na ji jikinsa ya saki.

Mutane sun zo jana'iza da yawa, har da waɗanda suka riƙa sauya hanya in sun gan ni. Na karɓi gaisuwar kowa. Bayan na fita takaba 'yan uwana suka ce in koma Damagaram. Na dubi Ya, ba miji, ba ɗa, ba ƙauyen komawa, na ce musu ina nan. Kle ɗin na ba wata malama da ta nace tana so, na koya mata yadda ake tayar da baƙon, na ce ta fara kai shi wurin hukuma ta nuna musu a gaban shaidu kafin ta kunna wa kowa. Na ji an ce yana aiki a makarantarsu. Ban je na gani ba.

Muna nan mu uku a gidan. Ina buga takardu, Ya tana sayar da dakakken yaji a ƙofa, yarinyar ta shiga lakwal. Kwanan baya ta dawo ta zauna kusa da ni a kicin, ta ce, “Mama, da can wane irin mutum ne Baba?”

Na ce mata mai surutu ne, mai tsokana, in ya fara dariya har maƙwabta sai sun ji.

Sai ta ce, “Ni ban taɓa jin dariyarsa ba.”

Na tashi na sauke tukunya.